Ni Talatin da Biyar, Yaya Sha Shida

Ƙanwar mijina nas ce a asibitin koyarwa. A shekarun da nake ba da labari, idan ta tashi daga aikin safe ba ta zarcewa gidansu a Hotoro sai ta biyo ta gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Za ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta wuce kicin, ta buɗe mini tukunya ba tare da ta tambayi kowa ba. Akwai wasa tsakaninmu irin na matar wa da ƙanwar miji. Ni ina ce mata Likita don tsokana, ita kuma tana ce mini Anti, ko da yake girman da na ba ta ba wani mai yawa ba ne.

Ni malamar firamare ce a Tarauni, kuma tun ina ƙarama an san ni da yawan tambaya. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta sha korata daga ɗaki in ta yi baƙi, don kada in tsare su da me ya sa. Saboda haka zuwan Likita ba ya damuna. Tana cin abincina, ni kuma ina tatsar labarin asibiti a bakinta.

Wata rana da la'asar tana cin dambu, sai ta ɗago ta dube ni.

"Anti, kin taɓa yin gwajin bakin mahaifa?"

"Ni da nake lafiya ƙalau?"

"Ai masu lafiya ake yi wa. Wadda ta riga ta fara ciwo, wannan wani zance ne daban."

Ta ce an fara yi wa mata gwajin a wani ƙaramin asibitin unguwa a nan Tarauni, musamman waɗanda suka haura talatin. Abin da ake nema wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV. Yawancin mata in ta shiga jikinsu takan fita da kanta, ba su ma san ta zo ba. Amma a jikin wasu sai ta zauna, ta yi shekaru tana ɓata bakin mahaifa a hankali, har ta kai ga sankara. Ta ƙara da cewa ba ƙwaya ɗaya ba ce, dangi ne guda, sun fi ɗari, kowace da lambarta.

Nan na ajiye tsintsiyar da ke hannuna.

"Lamba kuma? Wa ya raba musu?"

"Waɗanda suka gano su mana. Wadda aka fara ganowa aka ba ta ɗaya, haka aka yi ta jerawa."

"To duk mugunta ɗaya suke yi?"

"A'a. Wasu 'yan tsiro kawai suke fitarwa a fata. Waɗanda aka fi tsoro su ne sha shida da sha takwas. Akwai wasu a bayansu, amma waɗannan biyun su ne manya."

Ban taɓa jin cutar da ke da lamba ba. Na san zazzaɓin cizon sauro, na san taifot, kowa da sunansa. Na ce mata zan je, kuma gaskiya ba don ina tsoron komai ba. So nake in ji ko ni ma ina da lamba.

Washegari na tsaya sayen manja a shagon maƙwabciyarmu, wadda duk layin ke kira Madam. Kirista ce, iyayenta daga kudu suka zo, amma a Kano aka haife ta, kuma Hausarta ba ta da maraba da tamu. Tana sayar da manja da agushi da garin kwaki da busasshen kifi. Na ba ta labarin ina dariya, ina cewa wai cuta da lamba. Ita ba ta yi dariya ba. Ta rufe jarkar manjan, ta goge hannu a zane, ta ce in zauna.

"Malama, abin da ya kashe mamana ke nan."

Ta ce mahaifiyarta ta daɗe da daina al'ada, sai kwatsam jini ya dawo. Ta ɓoye wa kowa. Tana yayyaga tsofaffin zannuwa tana amfani da su, tana wankewa a ɓoye. Sai da wari ya fara fita sannan 'ya'yanta suka gane. An yi addu'a a coci, an jiƙa saiwoyi na kudu da na nan, duk a banza. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce an makara.

"Har ta mutu ba wanda ya yi mana bayanin ciwon da harshen da za mu gane," in ji Madam. "Tun daga lokacin, ko bayana ne ya ɗan riƙe sai in ce ga shi nan ya zo, gado na ci. In za ki tafi, ki ƙwanƙwasa mini."

Ta uku ita ce Yaya, babbar yayarmu, uwa ɗaya uba ɗaya. A Darmanawa take zaune, tana haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta sake aure ba. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka har yau in ta yi magana ba na musu sosai. Na same ta a tsakar gida tana soya itacen turare da sukari, hayaƙi ya cika ko'ina.

"Da girmana in je in buɗe wa 'yan yara jikina? Ke dai ba kya rabo da neman magana."

"Yaya, ba wanda zai buɗe ki. Da kanki za ki ɗauka, a bayan labule."

"Da kaina?"

"Haka Likita ta ce."

Ta ci gaba da juya turarenta. Can ta ce za ta je, amma rakiya ce kawai, kada in sa rai.

Da aka yi hutun makaranta muka shiga adaidaita mu uku, Yaya a tsakiya tana ta gyara mayafi. Asibitin ɗan ƙarami ne, da bencina a ƙarƙashin darbejiya. Mata sun taru, wasu da goyo, wasu da kayan cefane a leda. Ma'aikatan daga asibitin koyarwa ake turo su, amma Likita ba ta cikin masu aikin ranar. Ta riga ta gaya mini cewa da gangan ta janye, don sakamakon mutum sirrinsa ne, ba ta so ta gani sai in ni na ga dama na faɗa mata.

Wadda ta yi mana bayani wata dattijuwar nas ce mai furfura a gefen ɗankwali, da tabarau rataye a wuya. Kowa Sista yake ce mata. Ta ɗaga wani ɗan siririn tsinke mai laushi a baki, ta nuna yadda ake sa shi, a juya, a fitar, a jefa cikin 'yar kwalba a rufe. Mata suka fara ƙunshe dariya a mayafi. Wata ta tambaya ko yana hana haihuwa. Sista ta ce tsinken nan ko kusa da mahaifa ba ya kaiwa. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Yana karya alwala?"

"Ki sake wata, Inna. Ga buta can cike da ruwa."

Aka fashe da dariya, har da Yaya.

Daga nan Sista ta ce akwai wata alfarma da suke nema, kuma ba dole ba ce. Duk wadda ta yarda, za a haɗa sakamakonta da na sauran mata, ba tare da suna ba, don a gano waɗanne lambobi ne suka fi yawa a jikin matan Kano. Na ɗaga hannu kamar 'yar aji uku.

"Sista, ba an riga an san miyagun ba? Me za a ƙirga kuma?"

Ta sa tabaraunta ta dube ni sosai.

"Malama ce ke, ko?"

Yaya ta ce, "Wallahi kin gane ta."

Sista ta ce sha shida da sha takwas kam ko'ina a duniya su ne kan gaba wajen kawo sankara. Amma waɗanda ke biye da su sukan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Yawancin abin da ke cikin littattafansu a jikin matan wasu ƙasashe aka ƙirga. Kuma allurar rigakafi don wasu lambobi aka yi ta, ba duka ba. In ba a san namu ba, ta yaya za a san abin da za a nema mana?

Na yarda nan take. Madam ma haka. Yaya, wadda ta zo rakiya, ita ta riga mu shiga bayan labule. Da ta fito ta miƙa kwalbar tana kallon wani gefe, ta ce, "Ashe shi ke nan?"

Bayan 'yan makonni aka kira mu a waya aka ce mu zo. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga, a rufe ƙofa. Madam ce ta fara. Ba ta daɗe ba ta fito, ta durƙusa a ƙasa a gaban benci, ta ɗaga hannu sama tana addu'a da yarensu, hawaye na zuba. Na zaci mugun labari ne, na kama kafaɗarta. Sai ta ce, "Babu, Malama. Ba a samu komai ba. Kuma Sista ta ce ba a gadonsa." Kukan da ba ta gama yi wa mahaifiyarta ba ne ta ƙarasa a wurin.

Da na shiga, Sista ta sa na zauna, ta matso da kujerarta kusa.

"Malama, an samu ƙwayar a jikinki. Ki saurare ni da kyau, ba sankara ba ce. Ƙwayar ce kawai aka gani."

"Wace lamba?"

Ta yi 'yar dariya. "Wasu kuka suke fara yi. Talatin da biyar."

Ban taɓa jin wannan ba. Likita ba ta ambace ta ba. Sista ta ce tana cikin waɗanda ake sa wa ido, kuma an lura ta fi bayyana a jikin matan Afirka fiye da na Turai. Na tambaye ta ko ta sha ganinta a nan Tarauni. Ta ce ta gan ta, amma ba za ta ce mini ta fi ko ba ta fi ba sai an gama haɗa na kowa, don abin da ido ya gani a mako ɗaya yana iya ruɗar mutum. Sai da na fito na zauna a benci sannan tsoron ya zo.  Na dubi cikina ta saman atamfa, ina mamakin yadda abu zai zauna a jikina, ina cin abinci, ina koyar da yara, ina dariya, ban san da shi ba.

Yaya ta fi kowa daɗewa a ciki. Ta fito fuska a ɗaure, muka hau adaidaita muka sauka a Gyaɗi-Gyaɗi. Sai da muka shiga ɗakina ta turo ƙofa.

"Sha shida," ta ce. "Wadda Likitarku ta ce ta fi mugunta."

"Yaya, ai an ce ba sankara ba ce."

"Ba wannan ne ya dame ni ba. Cewa Sista ta yi ta wurin kwanciyar aure ake ɗauka. Ni da rabona da namiji tun rasuwar Malam? Wace irin mace matar nan za ta ɗauke ni?"

 Na kira Likita a waya na ce in ta tashi ta zo, kuma yau ba don dambu ba. Da ta iso, Yaya da kanta ta faɗa mata. Likita ta ajiye wasa gefe, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Yaya.

"Yaya, ƙwayar nan tana iya kwanciya a jiki shekaru masu yawa ba ta motsa ba. Ba ta nuna ranar da ta shiga. Yawancin waɗanda suka taɓa aure, maza da mata, sun taɓa haɗuwa da ita. Namiji yana ɗauke da ita bai sani ba, ba abin da ke yi masa ciwo. Yana iya samunta daga matar da ya aura a baya, ita ma daga mijinta na baya. Ba shaida ba ce a kan kowa."

 Sai Yaya ta ce Malam ya taɓa aure kafin ita, kuma matar bazawara ce lokacin da ya aure ta.

"To Allah ya ji ƙansa," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Tun a adaidaita nake ta istigifari. Ban so in yi masa mummunan zato yana kabari."

Saura maigidana. Yana da shagon kayan wuta a titin gidan Zoo, mutum ne marar yawan magana. Aurena da shi na biyu ne, shi ma haka. Na bari sai da yara suka fita islamiyya da safe, yana shan shayi, na gaya masa komai yadda aka gaya mini. Ya ajiye kofin.

"Ni ma za a gwada ni?"

"Ƙanwarka ta ce ba a saba yi wa maza ba."

Sai ya ce, "To in ni ne fa na kawo miki?"

"In kuma ni na shigo da ita fa, Alhaji?"

Muka dubi juna. Ba wanda ya sani, kuma ba wanda zai taɓa sani. Ya ɗauki shayinsa da ya fara hucewa ya kurɓa.

"Yaushe aka ce ku koma? Ni zan kai ku."

Shi ya kai mu kuwa, ya zauna a mota a bakin titi yana sauraron rediyo. Wannan karon dole a duba mu da ido. Na hau gado, Sista ta sa wani ƙarfe mai kama da bakin agwagwa, ta haska fitila, ta shafa ruwan tsami a bakin mahaifar. Da ɗan zafi-zafi, amma ba wanda zai sa mutum ihu ba. Ina kwance ina kallon silin na ce, "Sista, me kike gani?"

"Kin san cikin kumatunki? To haka launinsa yake. In akwai inda ƙwayar ta fara ɓatawa, ruwan nan zai sa wurin ya yi fari."

"Ya yi?"

"Ki bar ni in duba mana, Malama."

Bai yi ba. Ta ce in tafi, in dawo bayan shekara a sake gwaji, don sau da yawa jiki yakan kore ta da kansa.

Yaya ta ce ba za ta shiga ita kaɗai ba. Na tsaya ta wajen kanta, ta rufe fuska da mayafi, ta damƙe hannuna. A nata an ga fari, ɗan wuri kaɗan, Sista ta ce bai kai farce ba. Ta yi mata bayani cewa wannan shi ne abin da in an bar shi shekaru yake iya zama sankara, kuma za a iya kashe shi yanzu da wata 'yar na'ura mai zafi a baki. Yaya ta ce daga cikin mayafi, "Tunda an riga an buɗe, a yi a gama." Ba a daɗe ba aka gama. Yaya ta ce kamar murɗawar mara ce ta lokacin al'ada. Matar da ta yi mini wanka ina yarinya, ranar ni na ɗaura mata zane.

Makonnin da suka biyo baya ta yi ta zubar da ruwa, kamar yadda aka gaya mata za a yi. Duk da haka kusan kullum sai ta kira ni ta ce ni na ja mata, da tana zaune lafiya da turarenta. Ina ba ta haƙuri. Daga baya ruwan ya tsaya, faɗan ma ya tsaya.

A cikin shekarar ne aka zo makarantarmu yi wa 'yan mata allurar rigakafin ƙwayar. Iyaye da yawa suka hana, ana ta yaɗa cewa don a hana yara haihuwa ne. Autata tana cikin waɗanda shekarunsu suka kai. Na tambayi Likita waɗanne lambobi allurar ke tarewa. Ta ce sha shida da sha takwas, da wasu biyu masu kawo tsiro.

"Ban da tawa ke nan."

"Ban da taki, Anti. Amma ta tare ta Yaya, kuma sha shida da sha takwas su ke kawo mafi yawan sankarar, har a nan. In yarinyar ta girma sai ita ma ta riƙa gwaji."

Na faɗa wa maigida, ya ce a yi mata. Ranar allurar na kama hannun autata na sa ta a gaban layi, a gaban iyayen da suka zo kallo ta taga. Wasu sun bi bayanmu, wasu sun ja 'ya'yansu sun tafi. Ban yi gardama da kowa ba. Wadda ta tambaye ni dai na gaya mata abin da na sani. Can sai ga Yaya daga Darmanawa, riƙe da jikarta, tana tambayar ko ana yi wa waɗanda ba 'yan makarantar ba.

Da shekara ta zagayo muka koma mu biyu. Madam an ce ita sai bayan wasu shekaru, amma ta ba mu busasshen kifi a leda ta ce mu kai wa Sista. Aka sake ba mu tsinke da kwalba, muka sake jira, aka sake kira. Yaya ta ce ba sai an raba mu ba, a faɗa mana tare. Sista ta ce ba a ga komai a jikin kowaccenmu ba.

Na yi hamdala. Ina shirin buɗe baki, sai Yaya ta riga ni.

"To ni na ji tawa, an ƙona ta. Ta wannan fa, da ba a yi mata komai ba, ina ta tafi?"

Sista ta ce ko dai jiki ya kashe ta gaba ɗaya, ko kuma ya danne ta ta yi ƙanƙanta har na'ura ba ta iya ganinta. Ta ce su kansu masanan ba su gama rabe wa tsakanin biyun ba, shi ya sa ake so mace ta riƙa dawowa lokaci-lokaci.

A hanyar gida Yaya ta dage cewa ta mutu, tunda ba a gan ta ba. Ni na ce ai an ce tana iya yin kwanton ɓauna. Ta ce in daina yi wa kaina baki. Na ce ba baki ba ne, tambaya ce. Muna ta wannan musu har mai adaidaita ya wuce kwanar gidanmu, sai da ya waiwayo ya ce, "Hajiya, wai ina za ku sauka ne?" Muka sauka a gaban wani mai lemo, Yaya ta sa ya yanka mana, muka tako da ƙafa zuwa gida muna sha.